Cigiya a Aji Bakwai

Kwanan baya jikan ƙanena, wanda ya fara koyar da Turanci a Tambuwal, ya zo gaishe ni a kan babur ɗinsa mai ƙara kamar injin niƙa. Na tambaye shi ina ya kai da yaransa. Ya ce ai sakin layi sun gama shi tun makon jiya, darasi ɗaya ya ishe shi: ya rubuta musu ƙa'ida a allo, sun kwafe, ya wuce gaba. Na ce Allah ya yi albarka, na tura masa kwanon fura. Ban ja da shi ba, don yaron yanzu in ka ja da shi sai ya zaro waya ya nuna maka. Amma maganar ta ƙi barina. Shi ya sa na zauna in rubuta masa, shi da ire-irensa, yadda sakin layi ya kusa rufe mini aji.

Ni mutumin Jabo ne, ɗan manomi. Na fito daga makarantar horon malamai gab da samun 'yancin kai, aka tura ni Tambuwal ƙarƙashin wani hedimasta, Malam Bawa, gajere, mai alli a bayan kunne ko da masallaci za shi. Na je ina jin kaina, da sabuwar riga da Turanci a baki. Aikin farko da ya ba ni ba koyarwa ba ne, shafen allo ne. A daka gawayi ya yi laushi, a jiƙa ƙaro, a dama, a bi allon da tsumma tun daga sama, a bar shi ya bushe. In ƙaro ya yi yawa allo ya yi sheƙi, alli ya riƙa zamewa. In ya yi kaɗan, baƙin ya koma rigarka. Na ɓata riguna biyu kafin hannuna ya faɗa. Malam Bawa ya ce malamin da ya bar allonsa ya koɗe ya kori yaran layin baya ke nan ba tare da ya gaya musu ba.

Sai jar tawada. Gari ce take zuwa a ƙunshi, kai za ka dama abarka a kwalba. Ranar da na fara duba littattafan insha'i, ban bar layin da ban ja ba. Na kai masa ina jiran yabo. Ya buɗe ɗaya, ya duba, ya dube ni.

"Wanga yaro yanka shi kay yi?" in ji shi. "In ka zubar mai da jini haka, gobe ba shi rubuta ma komi. Kama laifi guda, ka bi shi har shi mutu, sannan ka kama wani."

Shekara guda yana zama a bayan ajina a kan kujerarsa ta katako. Ba ya magana. In na yi kuskure sai ya yi tari. Yara har sun gane, in ya yi tari sai su ɗaga kai su dube ni.

Wurinsa na koyi aikin ƙwarya, kuma duk abin da na sani na sakin layi daga nan ya fara. Yakan ɗauki sakin layi mai kyau na Turanci, ya rubuta kowace jimla a kan tsagin kwali daban, ya zuba cikin ƙwarya, ya girgiza, ya juye a tabarma. Aikin yaro ya jera su yadda za su yi ma'ana. A cikinsu akwai jimlar da ke faɗin abin da ake magana a kai, ita muke kira kan magana, kuma a Turancin jarrabawa ita ke shiga gaba. Sauran su bi ta, kowace tana ƙara mata ƙarfi. Sannan yakan jefa jimla ɗaya da ba ta da alaƙa da sauran, muna ce mata baƙuwa, dole yaro ya gane ta ya fitar. Abin da yake nanatawa shi ne, in kana ɗaurin damin gero, dawa ba ta shiga, komai kyanta.

A Tambuwal abin ya tafi daidai. Yarana 'ya'yan teloli ne da 'yan kasuwa da ma'aikata, sun tashi a bakin hanyar Sakkwato suna jin yadda yaran mota ke magana. Ka nuna musu sau biyu sun ɗauka. Har na fara ganin sana'ar ba ta da wuya, kamar dai yadda jikan ƙanena ke gani yau.

Kowace sana'a da masu cinikinta. Mu namu iyaye ne, kuma akasarinsu ba su nemi kayanmu ba. A lokacin maigari ke zaɓo yara a kawo makaranta, uba ya ɓoye ɗansa a rumbu, uwa ta zo da kaza tana roƙon a ce nata daƙiƙi ne a sallame shi. A rediyo kuwa kullum ana cewa Jihar Arewa na bukatar 'ya'yanta su riƙe ofisoshi da asibitoci da makarantu. Tsakanin rediyo da rumbu, mu ne a tsaye.

'Yan shekaru bayan 'yancin kai aka ɗauke ni zuwa wani gari a ƙasar Kebbe, inda aka buɗe aji biyar zuwa bakwai, kuma aji bakwai na farko na shirin jarrabawar shiga makarantun gaba. Na ɗaura akwati da ƙwaryata a bayan keke. Rabin hanya keken ya ɗauke ni, rabi ni na ɗauke shi, ga rairayi ga gulbi. Na iske yaran saura kaɗan su zauna jarrabawa. Na yi abin da lokaci ya bari, muka je, muka dawo. Sakamako ya fito, ko ɗaya bai ci ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mai duba makarantu ya zo daga Sakkwato, dattijo ne mai sanyin magana, ya kuma ga takardun yaran da idonsa. Ya ce Turancinsu bai fi na yaran birni muni ba. Abin da ya kashe su insha'i ne. An tambaye su tsakanin jaki da keke wanne ya fi amfani ga mutumin ƙauye. Yaro ya fara da godiya ga Allah, ya gai da mai duba takarda, ya tambayi iyalinsa, ya ba da labarin garinsu da yadda damina ta yi, ya yabi jaki, ya yabi keke don kada ransa ya ɓaci, sai a layin ƙarshe, in lokaci ya kai shi, ya ce jaki. Da yawa lokaci bai kai su ba. Sannan dattijon ya faɗi abin da ya kawo shi, shi ma sai a ƙarshe, a bakin ƙofa, yana ɗaure hularsa ta hana-sallah: in baɗi ma ba wanda ya ci, za a kwashe manyan azuzuwan a mayar Tambuwal.

Na san ma'anar wannan. Ba uban da zai tura ɗansa ƙetaren gulbi ya zauna hannun baƙi don boko. Karatun garin nan da rugagen da ke kewaye zai tsaya a aji huɗu, a riƙa fitar da masu iya rubuta sunansu kawai. Na ce a raina ajin nan ba zai tashi a hannuna ba.

Da sabuwar shekara na shafe allo, na ɗauko ƙwarya. Sabon aji bakwai, na raba su ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin darbejiya, na juye wa kowace tsagin kwali. Na zaga ina dubawa. Baƙuwar jimla duk sun gane ta sun fitar, har sun fi yaran Tambuwal sauri. Jerin ma ya yi ma'ana. Amma kowace ƙungiya, ba tare da ta leƙi ta kusa da ita ba, ta ajiye kan magana a can ƙasa, ƙarshen komai. Na girgiza na sake juyewa da wani sakin layin. Haka dai.

Akwai wani yaro Sambo, ɗan Ardo Manu, wanda rugarsu ke yamma da gari da damina, da rani kuma su yi kudu su bar shi hannun wani manomi abokin ubansa. Dogo ne, siriri, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma duk ajin ba mai kansa. In akwai wanda zai ci jarrabawar nan, shi ne. Na ce masa, "Sambo, kun san wagga jimla ita ad da maganar duka. Don mi kunka kai ta baya?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, wa ka farawa da buƙata tai? Ai rashin kunya na."

Sai na gane abin da ke gabana ba rashin sani ba ne, tarbiyya ce. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ake zuwa wurin babba. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka gaishe shi da kwana da gajiya da iyali da dabbobi, ku taɓa zancen ruwa da na kasuwa, ka ce za ka koma, ya taso ya raka ka, sai a bakin hanya ka ce, af, dama akwai 'yar magana. Yaran nan sun ɗauki mai duba takarda a matsayin babban mutum, suna ba shi girmansa. Shi kuwa yana can yana ba su sifili.

Na ɗaura ɗamarar karya abin. Kowace safiya in tsayar da yaro in jefa masa tambaya, in ce amsa tukuna, dalili daga baya. In ya fara kewaye-kewaye in buga rula a tebur. Na rubuta a saman allo da manyan baƙaƙe: faɗi abin da ya kawo ka tun farko. Suna yi, amma kamar mai haɗiyar maɗaci. A aji su sa kan magana a gaba don tsoron rula, in na ba su aikin gida ya koma ƙasa. Muna wannan ja-in-ja har ruwa ya sauka, Fulani suka dawo.

Sambo ne kaɗai ya ɗauki maganata da gaske, ya kuma kai ta inda ban aike shi ba. Da damina akan so kowane hannu a wurin kiwo don tsare shanu daga gonaki, uban ya aiko ya riƙa zuwa bayan an tashi makaranta da ranakun hutu. Yaron ya ga karatunsa zai raunana. Ya tafi ruga, ya iske Ardo zaune da baƙi, dattawan wata ruga. Ya yi sallama, ya tsaya a tsaye, ya ce, "Baba, bana ba ni kiwo, jarrabawa za ni yi." Sannan ya fara jero dalilai, na farko, na biyu, na uku, yadda na koya masa. An ce bai kai na uku ba.

Washegari kujerarsa ba kowa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari cewa malamin Turanci na koya wa yara tsayawa a kan iyayensu. Wasu iyayen suka riƙe nasu. Mai sayar mini da nono ta daina biyowa ta ƙofata. Ajin ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma wanda na fi dogara da shi yana bayan shanu da sanda a kafaɗa.

Na hau keke na tafi rugar. Ardo Manu dattijo ne fari, mai ƙaramin gemu, idonsa ba ya ƙiftawa da wuri. Ya sa aka shimfiɗa mini agalemi, buzun tunkiya. Na gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da shanu, da sauro. Aka kawo kindirmo na sha. Muka yi zancen ciyawar bana da ciwon kofato. Na ce zan koma, ya taso yana raka ni, ina tura keke. Da muka kai bakin burtali na ce, "Af, Ardo, dama batun Sambo na."

Ya tsaya, ya jingina da sandarsa.

"Malam, tun da kaz zaka nis san abin da yak kawo ka. Amma ka gaishe ni, ka sha nono, sai nan ga bakin hanya kaf faɗi. Ka kyauta, haka mutane ka yi. To don mi kaka koya ma ɗana abin da kai ba ka yi?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin jarrabawa, ya ɗaga hannu. "Ni shanu nika kiwo, amma na san ɗan da ya tsaya bisa kan uba nai ga gaban baƙi, ba karatu yas samu ba. Sauka lafiya."

Na hau keke raina a ɓace. Amma ban yarda cewa hanyar ta ƙare ba. Abin da nake koyarwa daidai ne, abin da Ardo ya faɗa ma daidai ne. Na san dole akwai wurin da mutanenmu ke fara magana da kanta ba wanda ya ce sun yi rashin kunya. Na yi kwanaki ina sauraron mutane kamar ɗan leƙen asiri, a majalisa, a bakin rijiya, a wurin mahauta.

Ranar kasuwa ina tsugune ina zaɓen albasa sai na ji muryar Na-Allah sanƙira, mai shelar gari, wani ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, yana ratsa rumfuna.

"Jama'a, jaki ya ɓace! Jaki ya ɓace! Aura na ga launi, namiji, da tabon mangala ga baya, kunnen dama tsage, shina ɗingishi ga ƙafar baya. Tun jiya da la'asar ga bakin mashaya. Wanda yag gane shi, shi kai gidan Sarkin Pawa."

Na saki albasar. Ga liman a zaune, ga dattawan gari, ga maigari da kansa a rumfarsa, kuma mutumin nan bai gai da kowa ba. Ya fara da abin da ya ɓace, ya bi da alamominsa, ya rufe da inda za a kai. Bai sa akuyar wani a ciki ba. Ba wanda ya ji haushi, kowa ma kunne ya kasa. Sakin layin Malam Bawa ne cif, yana yawo a kasuwa ba takalmi.

Na nufi kara, inda ake cinikin shanu, don na san Ardo ba ya fashin kasuwa. Na iske shi a inuwar tsamiya. Na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ban rage komai ba. Sannan na ce, "Ardo, ka ji cigiyar Na-Allah?"

Ya ce ya ji.

"In saniyakka ta ɓace, ka ba shi cigiya, kana so shi fara da gai da liman da maigari, shi tambayi iyalin kowa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Kafin shi ƙare ta ƙetare gulbi."

"To rashin kunya shika yi?"

"A'a. Cigiya daban, ziyara daban."

Na ce, "Shi na abin da nika koyarwa. Takardar jarrabawa ba ziyara ta ba. Wanda ka duba ta bai san Sambo ba, bai san ka ba, takardu na gaba nai tuli awa mutanen kasuwag ga. In ba a faɗa mai abin da aka nema tun farko ba, wucewa shika yi. Sambo ya ɗauki maganar kasuwa ya kai zaure. Wanga kuskure na, kuma ni ka gyara shi. Amma in ka riƙe shi, ajin nan tashi shika yi, ɗiyan rugage da na gari duk su tsaya."

Ya dubi wani bijimi da ake taya. Sannan ya ce yaron zai dawo, bisa sharaɗi: ya zo ya durƙusa gaban dattawan da ya yi abin a gabansu, kuma duk ranar da ya sake jin ɗansa ya yi masa cigiya a gida, karatu ya ƙare. Na ce na ɗauka. Da Sambo ya dawo, sauran iyayen ma suka saki nasu, da ɗaya da ɗaya.

Na goge abin da na rubuta a saman allo. Na raba allon biyu da alli, gefe na rubuta zaure, gefe na rubuta kasuwa. Kowace safiya sai mun yi gaisuwa cikakkiya da Hausa, yaro ya durƙusa ya tambaye ni kwana da gajiya, in amsa masa yadda ya kamata. In mun gama in ce, to, an shiga kasuwa. Daga nan ba sauran kewaye.

Na roƙi Na-Allah ya zo aji. Ya zo yana ta fankama, ya tsaya gaban allo ya yi cigiyar tunkiya da muryar da ta sa 'yan aji ɗaya kuka. Yara suka juya ta Turanci, jimla bayan jimla, muka rubuta a kwali muka zuba a ƙwarya. Aka juye. Ba ƙungiyar da ta kai kan magana baya. Wa zai ajiye "tunkiya ta ɓace" a ƙarshe?

Daga nan aiki ne kawai, kuma aikin ne jikan ƙanena bai gani ba. Daga cigiyar dabba muka koma cigiyar ra'ayi: jaki ya fi keke, ga alamomin da za ka gane haka, ga inda maganar ta tsaya. In yaro ya sako abin da ba shi da alaƙa sai 'yan'uwansa su ce ya sa akuyar wani a cigiya. Jerin alamomi kuwa Sambo ya koya wa ajin, don Bafulatani ba ya kwatanta saniya a hargitse: daga ƙaho yake farawa, ya bi kunne, ya bi tozo, ya sauka wutsiya. Muka mayar da shi doka, ko daga kai zuwa wutsiya, ko daga safe zuwa yamma, ko daga babba zuwa ƙarami, amma ba tsalle. Sannan ƙananan kalmomin da ke riƙe jimla da jimla, su na farko, bayan haka, saboda haka, amma. Sannan insha'i cikakke, wanda na ce musu cigiya uku ce ko huɗu a bakin sanƙira ɗaya, sai ya gama ta jaki yake ɗaukar ta tunkiya.

Kowane yaro sakin layi ɗaya kullum, ni kuma in duba duka kafin gobe, laifi guda a kowane littafi. Tsakiyar damina gulbi ya kawo, hanya ta yanke, jar tawada ta ƙare. Na je wurin dukawa na samo karan dafi, na jiƙa da 'yar kanwa, na tace. Ja ne mai duhu, yana cin bakin alƙalami, amma yana kama laifi. Alli ya ƙare muka koma farar ƙasa. Takarda ta yi ƙaranci, muka riƙa fara rubutu a rairayin bakin aji, sai wanda ya tsaru ya hau littafi. Akwai yaron da sai da ya sake sakin layi ɗaya har ya yi kuka, ni kuwa na ce ya share hawaye ya sake. Ba na jin na taɓa gajiya irin ta shekarar nan, ban kuma taɓa tunanin sassautawa ba.

Da lokaci ya yi na kai su Tambuwal, inda ake zaman jarrabawar, da ƙafa da kwalekwale da bayan wata motar gyaɗa. Na sauke su gidan Malam Bawa, ya tsufa amma allin na nan a kunne. A ƙofar ɗakin jarrabawa ban yi musu dogon jawabi ba. Na ce, "Kun gaishe ni da safe?" Suka ce e. Na ce, "To, an shiga kasuwa."

Sai jira. Aka yi girbi, aka ɗaure dami, Fulani suka fara shirin yin kudu. Ba labari. Ni dai na ci gaba da shirin sabuwar shekara kamar an ce mini ajin na nan, don ban ga amfanin zama ina tagumi ba. Amma tsoro na nan, ba zan ɓoye ba. In na dubi ɗakin aji bakwai sai in ga kamar an riga an mayar da shi wurin ajiyar gyaɗa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, makaranta na hutu, ina cikin ajin ni kaɗai ina shafen allo. Na dama gawayi da ƙaro, na naɗe hannun riga, na kai rabi. Sai haske ya ragu a ƙofa. Na juya, Ardo Manu ne, da malfarsa da sandarsa, yana haki kamar wanda ya yi sauri. Mutumin da bai taɓa taka harabar makarantar ba. Daga baya na ji yana zauren maigari ne masinja ya iso da sakamako, maigari zai aiko dogari, shi ya ce a bar masa.

Na san al'ada, na san sai mun bi kwana da gajiya da shanu da iyali, sai na raka shi bakin hanya kafin in ji ko ajina ya rayu. Na ajiye tsumma, na fara sunkuyawa.

Ya yi sallama. Bai jira na gama amsawa ba, yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce:

"Malam, ɗiyanka sun ci. Su fuɗu. Biyu sakandare, biyu makarantar malamai, Sambo na cikin na sakandare. Maigari ya ce aji ba shi tashi."

Sannan ya jingine sandarsa a bango, ya cire malfa, ya shigo, ya nemi ɗan bencin yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya gyara riga, ya dube ni da idon nan nasa.

"To, Malam. Ina kwana? Ina gajiya?"

Na durƙusa a gabansa, hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, na amsa masa tun daga kwana har shanu, ban tsallake ko ɗaya ba.